Yadda Ake Ƙaurace wa Kantin da Ya Baje Kayan Cin Mutuncin Baƙar Fata

Kwalin man shafawa ne ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba. A ɓangaren hagu ga hoton mace baƙa ta turɓune fuska, an rubuta "avant" a ƙarƙashinta, wato kafin ta shafa. A dama matar ce dai, ta yi fari fat tana murmushi, an rubuta "après". Mai yawon kasuwannin ƙasar Gaya, daga Zabori zuwa Kamba ta Najeriya da Malanbil ta Benin, ya san irin wannan kwali. Yarinya ƴar shekara goma da aka aiko sayen magi takan tsaya ta ƙura masa ido, kuma ba sai ta iya Faransanci za ta gane abin da ake faɗa mata game da fatar da Allah ya ba ta ba.

Ba kwalin mai kaɗai ba ne. A dilar gwanjo ana iya cin karo da riga mai rubutun zagi, ko ƴar tsana da aka yi wa baƙin fenti da jajayen leɓɓa gatse-gatse don a yi dariya. Idan irin wannan kaya ya hau kanta a kantin unguwa, jama'a na da makamin da ba ya zubar da jini: su janye kuɗinsu. Sai dai a gari irin Zabori mai kanti maƙwabci ne, sahu ɗaya ake sallah da shi, wataƙila ma suruki ne. Saboda haka abin da ake nema shi ne kayan ya sauka daga kanta, mutumin kuma ya ci gaba da cin abincinsa.

Farkon aiki shi ne tabbatarwa. Kada a tashi a kan "an ce". Mutum biyu ko uku su je su gani da idonsu, a nemo malamin lakkwal ko ɗalibin da ya iya harshen da ke jikin kayan ya karanta ya fassara, sannan a ɗauki hoton kayan, ban da fuskar mai kanti. A kuma bambanta cin mutunci da wasan taubasantaka. Ba'are da Babarbare kan yi wa juna ba'a su rabu suna dariya, al'adar da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, domin kowa na da bakin ramawa. Yarinyar da ke gaban kwali ba ta da shi.

Hoto ɗaya mai kyau ya isa hujja. A watan Disamba na 2018 wata lauya a Amurka, Chinyere Ezie, ta ga gumakan birai baƙaƙe masu manyan jajayen leɓɓa a tagar kantin Prada da ke birnin New York. Ta ɗauki hoto, ta bayyana abin da ta gani ba ƙari. Nan da nan kamfanin ya kwashe kayan, kuma a watan Fabrairu na 2020 ya amince wa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin cewa zai horar da ma'aikatansa, har da manyan da ke Milan.

Mataki na biyu shi ne wanda masu zafin kai suka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kashe magana: a je wurin mai kanti a asirce. Ba ranar kasuwa ba, ba kuma a gaban masu ciniki ba. Bayan sallar isha'i ya fi, a zauren gidansa, da dattijo guda wanda yake jin nauyinsa. A gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan a fito da hoton: "Alhaji, wani abu muka gani a kanti, muka ce ba ma bari ka ji shi a bakin waje. Ka ko san abin da aka rubuta a nan?"

Sau da yawa bai sani ba. Katan-katan ya saro, bai buɗe ya karanta ba, kuma jarinsa ne a ciki. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yuli na 2023, kaya suka koma tsallake kogin Kwara a kwale-kwale, kowane katan ya ƙara tsada kafin ya iso hannun ɗan tireda. Wanda aka ce wa "zubar da shi" kawai, asara aka kawo masa, dole ya turje. Don haka a tafi da mafita a hannu. Ko ya mayar wa wanda ya sarar masa a musanya da wani kaya, ko masu ƙorafi su yi karo-karo, jika-jika, su saye ragowar a kuɗin sari su lalata. Idan man bilicin ne, akwai ƙarin hujjar da ba ta buƙatar gardama: da yawansu na ɗauke da sinadarin hydroquinone ko mercury, masu ɓata fata da taɓa ƙoda, shi ya sa Kodebuwa ta haramta irinsu a 2015. Uba ne shi ma, yana da ƴaƴa mata.

In ya ce ya ji, a ba shi kwana biyu ko uku, a rufa masa asiri, magana ta mutu a zaure.

In ya ƙi, sai a hau sama: sarkin kasuwa, maigari, liman. A nan ne ake tsayar da buƙata, kuma guda ɗaya tak: a sauke kaya kaza daga kanta. Kada a cusa tsohon rikicin gona ko tsadar sukari a ciki, domin da zarar buƙata ta zama biyar, mai kanti zai ce hassada ce, jama'a kuma su gaskata shi. A yanka wa'adi a gaban shaidu, misali zuwa kasuwa mai zuwa. Haka Nii Kwabena Bonne na Uku, wani basarake a Ankara ta ƙasar Gana, ya yi da kamfanonin Turawa a kan tsadar kaya: ya gargaɗe su tukuna, da suka yi kunnen uwar shegu aka fara ƙaurace wa kayansu ranar 26 ga Janairu 1948, cikin wata guda suka sauko aka yi yarjejeniyar rage riba.

Kafin ranar ta zo akwai wani abu da ba a cika jin labarinsa a ƙauracewar manyan birane ba, amma a ƙauye shi ne ƙashin bayan magana: littafin bashi. Kusan kowane ɗan kanti yana da shi, tsohon littafin makaranta da ya sha maiƙo, an rubuta gida kaza sabulu biyu, gida kaza tiya ɗaya ta shinkafa, sai kaka ta yi a biya. Wanda sunansa ke ciki ba shi da bakin cewa ya daina sayayya, kuma in ya faɗa, abin da za a ce shi ne gudun biya yake. Saboda haka masu shiri su fara da biyan abin da ake bin su. Wanda ba shi da hali, ƴan adashi ko abokan fada su ranta masa. Wanda kuma ba yadda zai yi sai da bashin wannan kanti, kamar gwauruwa mai marayu, a ƙyale ta ta ci gaba da sayayyarta, kada wanda ya harare ta. Wannan adalci ne, kuma dabara ce: ranar da mutum goma suka zo suka biya bashinsu suka yi sallama, mai kanti zai gane da gaske ake.

Sai tanadin inda za a saya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Baƙaƙen fatar Montgomery a Amurka sun yi kwana 381 ba su hau motocin safa na birnin ba, daga Disamba 1955 zuwa Disamba 1956, kuma abin da ya riƙe su shi ne ɗaruruwan motoci da suka tsara suna kai mutane aiki. A Zabori lissafin bai kai haka ba: a san wane kanti ke da gishiri da ashana da man gyaɗa, in kuwa babu, gidaje su haɗa saƙo ɗan kabu-kabu guda ya sayo musu a kasuwar kusa. Mata ne ke riƙe da wannan fanni. Su ke aiken yara, su ke sayen sabulu da mai, kuma a gidan suna ko wurin adashi magana takan zaga gari kafin la'asar. Shirin da aka yi ban da su ba zai kwana uku ba.

Idan an fara, ƙa'idar ita ce ƙin saye kawai. Ba a tare ƙofar kanti, ba a ƙwace kaya a hannun yaro, ba a zagin iyalin mai kanti, ba a daina gaisawa da shi. A watan Janairu na 2018, bayan kamfanin H&M ya tallata rigar da ke kiran mai sanye da ita biri a jikin wani yaro baƙi, magoya bayan jam'iyyar EFF sun farfasa kantunansa a Afirka ta Kudu. Kamfanin ya riga ya janye rigar ya nemi gafara. Waɗanda suka kwana cikin fargaba su ne ma'aikatan kantunan, galibinsu baƙaƙe. Ƴan Nijar ba sa buƙatar misalin nesa ma. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, fushin zanen jaridar Charlie Hebdo ya rikiɗe ya zama wuta a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka goma, aka ƙone majami'u da dama na mutanen da ba su zana komai ba.

Haɗarin ya fi girma idan mai kantin baƙo ne, ɗan Benin ko ɗan kudancin Najeriya, ko kuma ɗan wata ƙabila. A ƙasar da Hausa da Dendi da Zabarmawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, kalma guda ta "irinsu" ta isa ta mayar da masu yaƙi da wariya su zama masu yin ta. Sashe na 102 na dokar hukunta laifuka ta Nijar ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga mai nuna wariyar launi ko ƙabila, kuma bai ware mai zanga-zanga ba. Haka saƙon murya na WhatsApp: dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a 2024, tana kai mai ɓata suna gidan kaso. A faɗi sunan kayan da abin da ke jikinsa, a tsaya nan. A kuma sanar da hukumar gari da jandarma tun da wuri cewa ba taro za a yi ba, ƙin saye ne.

Ranar da kayan ya sauka, ranar ce ƙauracewa ta ƙare, kuma a sanar da hakan da ƙarfin da aka sanar da farawa. Dattijon da ya fara zuwa zaure shi ya kamata ya fara shiga kantin da safe ya sayi sukari a gaban kowa. Ba a neman mai kanti ya durƙusa, ba a kuma yi masa gori bayan shekara.

Abin da ya rage shi ne mafarin kayan, can wajen manyan ƴan sari da kamfanoni, kuma nan sai da haƙuri. A 2020 kantunan Clicks na Afirka ta Kudu sun kwashe kayan gyaran gashi na TRESemmé cikin ƴan kwanaki, bayan tallan da ya kira gashin baƙar mace busasshe mai lalacewa. Amma garin koko na Banania a Faransa, mai hoton sojan Afirka yana washe baki da wani take na gurɓataccen Faransanci tun 1915, sai a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta hana sayar da kaya masu wannan taken. Cikin sojojin da aka yi wa wannan ba'a har da kakannin ƴan Nijar.

Don haka matasan fada da matan adashi na Zabori su riƙe hoton da suka ɗauka, su tambayi mai kanti a wurin wa ya saro, su aika wa ƴan uwansu na Gaya da Kamba. Ranar kasuwa mai zuwa kuma, kafin a aiki yarinya kanti, uwa ko uba su fara leƙawa su duba abin da aka jera daidai tsayin idonta.