HAWAN DUWATSU DA KALLON WURAREN BAUTAR WASU: INA IYAKAR MUSULMI TAKE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa duwatsu a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin darasinmu na wannan fitowa tambaya ce da wani dattijo daga cikin jama'armu ta nan Tajaye ya kawo mana bayan sallar La'asar. Yana da ɗa mai karatu a ƙasar Indiya. Yaron ya kira shi ta waya yana neman izini, wai abokan karatunsa sun shirya tafiya zuwa ƙasar Nepal lokacin hutu: za su yi kwanaki suna hawan duwatsun Himalaya da ƙafa, sa'an nan su sauko birnin Katmandu su zaga ɗakunan bautar Hindu da na mabiya Buda. Dattijon ya ce mana: "Liman, neman ilimi na tura shi, ga shi zai tafi gidan gumaka. In ya tafi, ba ni ba shi." Muka ce masa: "Baba, ka dakata da wannan magana. Ba a yanke zumunci a kan abin da ba a binciki hukuncinsa ba tukuna."

Tambayar ba ta tsaya ga gidansa kaɗai ba, domin irin wannan tafiya akwai ta a ƙasarmu. Wanda ya bar Tawa ya yi kusan kilomita 400 zai shiga Agadas, daga can kuma ya hau duwatsun Abzin. A nan Bagazam take, wadda ƙololuwarta ta kai mita 2,022, babu tudun da ya fi ta a Nijar. Masu yawon buɗe ido sukan yi kwanaki suna hawanta da ƙafa, jakuna na ɗauke da kaya, su ratsa lambunan Timiya, su ga kufan Asode da zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 da sace baƙi a Arlit a 2010 sun kashe kasuwar Turawa, amma ƴan ƙasa ba su daina sha'awar zuwa ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu raba wuraren da matafiyi yake tararwa kashi uku, domin kowane kashi da hukuncinsa.

KASHI NA FARKO: DUTSE DA DAJI

Ku sani cewa asalin tafiya a bayan ƙasa halal ne, takan ma zama abin lada idan niyya ta yi kyau. A Suratul Ankabut aya ta 20 Allah Ya umurce mu da mu yi tafiya mu duba yadda Ya fari halitta. A Suratu Faɗir aya ta 27 Ya ambaci duwatsu masu zane fari da ja da baƙi, launinsu daban-daban, nan take kuma a aya ta 28 Ya bayyana cewa masu ilimi su ne masu tsoronSa na haƙiƙa. Mutumin Adar da ya saba da tuddan garinsu, idan ya tsaya gaban dutsen da ya fi mita 8,000 ƙanƙara ta rufe kansa rani da damina, lalle zai ga ƙanƙantar kansa.

Sai dai akwai sharaɗi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Huraira (R.A.) ya tafi dutsen Ɗuri, da ya komo sai ya haɗu da Basra ɗan Abu Basra (R.A.), wanda ya gaya masa cewa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, ya kuma karanta masa hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi ga masallatai uku: na Makka, na Madina da na Baitul Muƙaddas. Malamai sun bayyana cewa abin da aka hana shi ne nufin wani wuri don neman falalarsa ta ibada. Fatauci da neman ilimi da sada zumunci da ɗaukar darasi ba su shiga hanin ba. To, idan dutsen da Allah Ya yi magana da Annabi Musa (A.S.) a kansa ba a nufinsa don neman albarka, ina ga Bagazam ko Himalaya?

KASHI NA BIYU: KUFAI DA ALAMUN MUTANEN DA

A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse wanda tsawonsa ya wuce mita 5, an sassaƙa shi shekaru dubbai da suka wuce. Wanda ya zana shi da idonsa ya ga dabbar, ke nan wurin da yake ƙungurmin hamada a yau ya taɓa zama ciyawa da itatuwa. Yanzu mai son ganin raƙumin dawa a Nijar yankin Kure yakan nufa, kusa da Yamai. Wannan wa'azi ne ga duk manomin da yake ganin ƙasar gonarsa tana tafiya da iska.

Asode kuwa darasinta ya fi ratsa zuciya. Tana cikin tsofaffin biranen Abzin, ayari yana sauka a cikinta, tana da gidaje masu yawa da babban masallaci. Yau bango ne tsaye babu mai kiran salla. Mutanenta ba masu bautar gumaka ba ne, Musulmi ne kamarmu. Kada wani ya zaci rushewar gari ta keɓanta ga kafirai.

Ladabin shiga irin waɗannan wurare mun koye shi daga Manzon Allah (S.A.W.). A shekara ta 9 bayan hijira, kan hanyar Tabuka, ya ratsa Hijir, mazaunin Samudawa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka yi wa azaba sai suna masu kuka, ya lulluɓe kansa ya gaggauta tafiya, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Wannan tsanani ya keɓanta ga wurin da nassi ya tabbatar an saukar da azaba a cikinsa. Amma ladabin ya game kowane kufai: a shiga da zuciya a farke. Wanda ya je kufai ya yi ta ƙyalƙyala dariya da ɗaukar hoto ya komo yadda ya tafi, ya duba aya ta 46 ta Suratul Hajji, inda aka bayyana cewa makanta ta gaskiya a zuciya take. Haka kuma ba a kankare zanen, ba a rubuta suna a kansa, ba a tsintar kasko ko dutse a sayar, domin ɓata alamar hana na baya ɗaukar darasi ne.

KASHI NA UKU: WURIN DA AKE BAUTA A CIKINSA YANZU

Nan ne tsoron dattijon yake, kuma tsoronsa yana da tushe. Ɗakunan bautar Katmandu ba kufai ba ne. A Pashupatinat ƴan Hindu suna bautar Shiba, suna ƙona gawarwakinsu a bakin kogin Bagmati. A Budanat mabiya Buda suna kewaya wata babbar ƙubba suna juya ƙafafun addu'a.

Musulmi sun riga mu ganin irin wannan. Albiruni ya koyi harshen malaman Indiya ya rubuta littafi a kan addininsu wajen shekara ta 1030, bai bar addininsa ba. Ibnu Baɗuɗa, wanda ya ratsa Takadda da Abzin a 1353, ya hau dutsen Sarandib a ƙasar da ake kira Sirilanka yanzu a 1344. Tsawon dutsen mita 2,243 ne, a kansa akwai alama mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buda suna cewa sawun Buda ne, ƴan Hindu suna cewa na Shiba ne, Musulmin wancan zamani kuma suna cewa na Annabi Adamu (A.S.) ne. Ya ba da labarin sarƙoƙin da ake riƙewa wajen hawa, ta ƙarshe ana kiranta sarƙar shahada, domin wanda ya leƙa ƙasa daga wurin tsoro yakan sa shi kalmar shahada. Muna amfana da labarinsa, amma babu hadisi ingantacce da ya ce sawun na Annabi Adamu ne, aikin matafiyi kuma ba hujja ba ne a shari'a.

Malamai sun saɓa a kan shiga wurin bautar wasu ba don bauta ba. Buhari ya ambata cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ƙi shiga coci saboda hotunan da ke ciki, Ibnu Abbas (R.A.) kuma yakan yi salla a cocin da babu gumaka a cikinsa. Abin da muke zaɓa wa ƴaƴanmu shi ne su tsaya a fili su kalli gini, kada su shiga ɗakin da gunki yake. Pashupatinat ma masu ita ba sa barin wanda ba ɗan Hindu ba ya shiga cikinta.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin tarayya cikin ibadar. Sau da yawa ba da sunan ibada take zuwa ba, da sunan ladabi take zuwa, ko "kowa ma yana yi". Saboda haka yaro ya kiyaye waɗannan: kada ya sunkuya wa gunki ko ya haɗa tafuka a gabansa, kada ya kewaya ƙubba tare da masu kewayawa ko ya juya ƙafar addu'a, kada ya miƙa goshi a ɗiga masa jan alama, kada ya ci abincin da aka miƙa wa gunki, kada ya ɗaura ƙyalle ko ya ƙara dutse a kan tsibin duwatsun da suke tarawa a mashigin tsaunuka don neman tsari. A shekara ta 8, kan hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci suka ga magaryar da mushirikai suke rataya makamai a kanta don neman albarka, suka roƙi Annabi (S.A.W.) ya sanya musu irinta. Tirmizi ya ruwaito cewa ya kamanta roƙonsu da na Bani Isra'ila lokacin da suka nemi Annabi Musa ya yi musu abin bauta. Rataya takobi ne kawai, amma ga yadda aka ɗauke shi.

Ɗaya gefen iyakar kuma shi ne kada ya yi zagi ko izgili. Suratul An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Baƙo ne shi, da amana ya shiga ƙasarsu. In an miƙo masa abin da bai halatta ba, ya ce addinina bai yarda ba, da sakin fuska.

SALLA DA ABINCI A KAN HANYA

Mun fi jin tsoron salla ta salwanta a kan dutse fiye da tsoron yaro ya koma Hindu. A mazhabarmu ana ƙasaru idan tafiya ta kai buridi 4, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma niyyar zaman kwana 4 cikakku tana yanke ta. Ku lura da wani abu a Muhtasar na Shehu Halil: ya keɓe sunnar ƙasaru ga wanda tafiyarsa ba ta saɓo ba ce ba kuma ta wargi ba. Ashe tun a babin salla ake tambayar matafiyi me ya fitar da shi.

An yarda matafiyi a tudu ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha. In ruwa ya ƙare, ko ya ji tsoron sanyi zai cuce shi, ya yi taimama da ƙasa ko dutse, malamanmu sun ambaci har ƙanƙara, kowace farilla da taimamarta. Amru ɗan Asi (R.A.) ya yi taimama daga janaba a dare mai tsananin sanyi ya ja mutane salla, Annabi (S.A.W.) bai zarge shi ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Mu a nan mun saba alƙibla gabas take, amma mai salla a Nepal yamma yake fuskanta. A ƙasar akwai Musulmi kimanin kashi 5 cikin 100, a tsakiyar Katmandu kuma akwai masallatan Juma'a, ya neme su. Yankan Hindu da na mabiya Buda bai halatta gare mu ba, domin ba Ahlul Kitabi ba ne. Shinkafa da miyar wake ita ce cimar masu hawa a can, ta ishe shi.

Rai kuma amana ne. Bayan an wuce mita 2,500 iska tana raguwa, ciwon kai da amai da ƙuncin numfashi suna kama mutum, maganinsa sauka ne. Mai nufin Abzin shi ma ya tambayi hukuma halin hanya, kada ya fita ba jagora ɗan yankin.

ABIN DA MUKA CE WA DATTIJON

Mun ce masa izini a hannunsa yake, domin tafiyar ba wajiba ba ce, biyayyarsa kuwa wajiba ce a kan ɗan. In ya hana, yaro ya haƙura. Amma kada ya kira halal da sunan kafirci, kada kuma ya furta yankewa. Mun shawarce shi ya tambayi ɗansa abu uku: su wane ne abokan tafiyar, ya san hukuncin sallar matafiyi, kuma zai iya cewa a'a a gaban abokai ba tare da jin kunya ba? In amsa ta gamsar, ya sa masa albarka.

Daga ƙarshe, ya ku ƴan'uwa, kada mu hangi Katmandu mu manta da ƙofar gida. A Massalata, kusa da Ƙwanni, azna suna taron arwa kowace shekara, cikin masu zuwa jin yadda damina za ta kasance kuma har da masu salla a sahunmu. Mutanen can maƙwabtanmu ne, wasu ma danginmu, suna da haƙƙin maƙwabtaka da kyakkyawar magana. Amma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Wanda ya yi ƴan kilomitoci don wannan ya fi kusa da haɗari bisa ga wanda ya tsallaka teku ya kalli gini ya ƙara gode wa Allah da ni'imar tauhidi.

Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da daji, Ya komo mana da ƴaƴanmu lafiya da ilimi mai amfani. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.