P0171: Me Ya Sa Fitilar Inji Ke Sake Kamawa?

Direban babur mai ƙafa uku, irin wanda ake kira A Daidaita Sahu a Kano, yakan ga fitilar gargaɗi ta inji ta kama. Sai ya kai wa bakanike, a jona na'urar bincike, ta nuna P0171, a goge lambar, fitila ta mutu. Bayan kwana biyu sai ta dawo. Wannan yana faruwa ne a baburan zamani waɗanda kwamfuta ke auna musu mai, ba masu kafireto ba. Irinsu sun yawaita tun 2020, lokacin da Indiya, inda ake ƙera yawancin waɗannan babura, ta tsaurara dokar hayaƙi.

Ma'anar lambar ita ce iska ta rinjayi mai a cikin inji. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya nasa yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan giram 10 na fetur ya haɗu da giram 147 na iska, to ma'auni ya daidaita. In kuwa wani giram 30 ya kutso ta wata kafa, lissafi ya koma 17.7 ke nan. Inji zai riƙa sarƙewa, ya rasa ƙarfi, ya ɗauki zafi fiye da ƙima. Idan abin ya daɗe, bawul yana iya ƙonewa, fistin ma ya lalace, gyaran kuwa ya cinye cinikin makonni.

To, ta yaya kwamfuta ke sani? A jikin bututun hayaƙi akwai wata 'yar na'ura mai auna iskar oksijin da ta rage bayan ƙuna. Kamfanin Bosch ne ya fito da ita, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Nau'inta da aka fi sani yana ba da lantarki tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Idan ya tsaya a ƙasa, oksijin ya yi yawa, sai kwamfuta ta ƙara mai. Tana kuma riƙe lissafin wannan ƙari. Sai ƙarin ya wuce iyakar da masu ƙera injin suka sa mata sannan take kunna fitila.

A nan asirin dawowar lambar yake. Goge lamba, ko cire batir, yakan shafe lissafin da kwamfuta ta tara ne kawai. Sai ta faro daga sifili, tana ƙara mai sannu a hankali har ta sake cin karo da iyaka. Kwanakin da fitila ta yi a mace, lokacin sake lissafi ne.

Makanikai da yawa sukan gaggauta canza na'urar oksijin, alhali sau da dama gaskiya ta faɗa. Abin da ya kamata shi ne a duba adadin ƙarin man a na'urar bincike sau biyu, wato inji yana silo, da kuma bayan an ba shi wuta. Idan ƙarin ya yi yawa a silo amma ya ragu da aka murɗa totur, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Dalili kuwa shi ne a silo ƙofar iska kusan a rufe take, inji yana zuƙa da ƙarfi, iskar da ke shiga ta halal ba ta da yawa, don haka 'yar ƙaramar kafa ma sai ta ɓata lissafi. Robar da ke haɗa maƙogwaron iska da kan inji ita ce abar zargi ta farko, domin zafi da jijjiga suna tsattsaga ta. Wata tsagar ma ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi, shi ya sa akan duba da safe a ce lafiya lau. Ana gano ta ta hanyar hura hayaƙi cikin bututun a ga inda yake fita.

Idan kuwa a silo komai daidai ne, sai an ɗauki fasinja ana hawa gada ƙarin ya hau, to mai ne ba ya isa. A duba matatar mai, a auna ƙarfin famfo, sannan a wanke bakin feshi, wanda datti daga man bumburutu ke saurin toshewa.

Akwai kuma yaudara guda. Idan bututun hayaƙi ya huje tsakanin inji da na'urar, iskar waje takan shiga ta nan, na'urar ta ga oksijin da bai taɓa ratsa inji ba. Filogi ne ke raba gardama: in bakinsa ya yi fari fat, ƙarancin man na gaske ne, in ya yi baƙi da kunkunniya, kwamfuta tana zuba man da ba a buƙata.

Bayan gyara sai a goge lambar, a tuƙa babur ya yi zafi sosai, a sake duba adadin ƙarin. Idan ya zauna kusa da sifili a silo da kuma cikin gudu, fitilar ba za ta dawo kan wannan dalili ba.