Darasinmu: Mai Juna Biyu da Gwajin Ƙanjamau

Darasinmu na wannan fitowa a kan abin da muke jin nauyin ambata ne ko a aji, wato ƙanjamau da haihuwa.

Ki fara da sanin wannan: ƙwayar cutar HIV tana iya wucewa daga uwa zuwa jariri a lokaci uku, yana ciki, wajen haihuwa, da lokacin shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 za su iya kamuwa. In tana sha yadda ya kamata, adadin yakan sauko ƙasa da 5. Dubi wannan tazara! Abin da ya raba su bai wuce zuwa awo, da yarda a ɗibi jini, da haɗiyar ƙwaya ɗaya kullum ba. Tun 2006 gwamnatin Nijeriya ta mayar da maganin kyauta, ko da yake kuɗin mota da na kati suna nan.

To me ke hana mu? Mafi yawa tsoro ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mata sun kusa ninka maza wajen ɗauke da cutar, kuma mace ce ake fara gwadawa saboda ita ke zuwa awo. Sai a ce ita ta kawo. Haba jama'a! Wanda aka fara ganowa ba lallai shi ya fara kamuwa ba, kuma ana samunta ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko reza da allurar da wani ya yi amfani da su. Suratul Hujurat ta hana mu mummunan zato da giba, amma mu ne a gidan suna muke nuna baiwar Allah da baki, har ta daina zuwa karɓar magani don kada a gan ta a layi. Idan jaririnta ya kamu, wa ke da alhaki?

In sakamakonki ya nuna akwai, fara magani a ranar in an ba ki, kada ki tsaya sai kin ji ciwo, kada kuma ki ajiye shi don rubutu ko tofi. Ki yi addu'arki, ki sha maganinki. Maigida da abokiyar zama su ma suna da haƙƙin a gwada su. In faɗa masa ya yi miki nauyi, ma'aikaciyar asibiti za ta iya zama da ku tare.

Ki haihu a asibiti, domin ana fara ba jariri maganin ruwa da zarar ya faɗo, a gwada shi a sati 6. Wata 6 na farko nono zalla, ban da ruwa ko kunu, ko da uwar miji ta matsa. Bayan yaye a sake kai shi gwaji, wannan ne zai tabbatar da matsayinsa.