Wajibcin Godiya Ga Masu Yi Wa Jama'a Hidima

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani hakki ne wanda jama'a suka faye mantawa da shi, watau hakkin mutanen da suke yi wa gari ko gunduma hidima. Kowace ƙarya tana da irinsu: ungozoma da ake tasa da tsakar dare, da ladan, da malamin makarantar allo, da masu wankan gawa da haƙa kabari, da 'yan sintiri, da mai sasanta ma'aurata. Galibi ba a tunawa da su sai ran da aka neme su aka rasa. Alhali kuwa ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa godiya ga mutane tana haɗe da godiya ga Allah, wanda ya kasa ta farko bai cika ta biyu ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wata mace baƙar fata mai share masallacin Madina, wadda waɗansu malamai suka ce sunanta Ummu Mihjan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya daina ganinta, sai ya tambaya, aka ce ai ta rasu an binne ta. Ya nuna rashin jin daɗi da ba a sanar da shi ba, domin kamar sahabbai sun ga al'amarinta bai kai a dame shi ba. Ya sa aka nuna masa kabarinta, ya tafi ya yi mata salla. Abin lura a nan shi ne, shugaban al'umma da kansa ya gane an rasa mai shara. Ya kuma koya wa jama'a cewa girman hidima a amfaninta yake, ko da mai yinta ba shi da suna.

Magabata a ƙasar Hausa sun bi wannan tafarki. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilmantar da matan ƙauyuka. Kowace jaji, watau shugabar ayarin matan, akan ɗora mata malfa a naɗa mata jan ƙyalle, don mutanen garinsu su san matsayinta su girmama ta. Har wa yau Nana ba sarakuna da manyan malamai kaɗai ta yi wa marsiyya ba, ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta yi wa maƙwabciyarta Halima. A gargajiyance ma sarautar Sarkin Noma akan ba manomin da ya tara dami dubu ne, watau sai an ga aiki kana a naɗa rawani.

Wani zai ce, ashe yabo ba ya ɓata ikhlasi? Amsa ita ce nauyin iri biyu ne. Mai aiki nauyinsa shi ne ya yi domin Allah, kada ya nemi a yabe shi, gama riya tana rushe lada. Jama'a kuma nasu nauyin shi ne su gode. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa an tambayi Annabi game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, sai ya bayyana cewa wannan bushara ce da aka gaggauto wa mumini tun a duniya. Abin da aka hana shi ne wuce iyaka da bambaɗanci, har an yi umurni a watsa ƙasa a fuskar masu mai da yabo sana'a.

Nijeriya tana da dokar lambobin girma ta ƙasa tun 1964, amma lalle wannan lamba ba za ta kai kowane lungu na ƙananan hukumomi 774 ba. A duba masu allurar rigakafin shan inna, waɗanda yawancinsu mata ne masu bi gida gida. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe tara daga cikinsu a Kano suna bakin aiki, sauran kuwa ba su fasa ba, har a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Waɗanda suka san sunayen irin waɗannan bayin Allah su ne mai unguwa da dagaci da hakimi da limamin gari. Saboda haka a wuyansu nauyin yake, su da majalisar ƙaramar hukuma.

In za a girmama wani, sai a kiyaye sharuɗɗa huɗu. Na farko, a dubi aikin da jama'a suka shaida, kada a dubi aljihu ko jam'iyya ko dangi. In aka ba mai kuɗi lambar da ta cancanci ungozoma, an yi shaidar zur, an kuma karya zuciyar masu ƙoƙari. Na biyu, a faɗi abin da aka sani ba tare da ƙari ba, a bar wa Allah sanin abin da yake cikin zuciya. Na uku, a yi tun mutum yana da rai, ya ji da kunnensa, domin jawabin zaman makoki ba ya saya wa mara lafiya magani. Na huɗu, kada yabo ya maye gurbin hakki. Malamin firamare da aka riƙe wa albashi aka miƙa masa takardar yabo, zaluntarsa aka yi, gama shari'a ta yi umurni a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba.

Wannan aiki bai bukaci dukiya mai yawa ba. Liman yana iya ambaton mai hidima bayan sallar Juma'a a yi masa addu'a. Hakimi yana iya kiransa gaban jama'a ran hawan salla ya sa masa riga. Maƙwabta suna iya taruwa su yi masa gayya a gona, ko su ɗauki nauyin karatun ɗansa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, yara kuma abin da suka ga ana girmamawa shi suke tasowa suna kwaikwayo. Garin da yake girmama mai tara dukiya ta kowace hanya, ya wulakanta mai haƙa kabari, wata rana zai nemi mai haƙawa ya rasa.

Allah Ya saka wa masu yi wa jama'a hidima da mafificin alheri, Ya ba shugabanni ikon gane su da cika musu hakkinsu, amin.