Nasiha Ga Samari Masu Son Labarin Bindiga

'Ya'yana samarin Daura da Ƙaraye da Rogo, na lura da yawa daga cikinku suna sha'awar labarin jaruman bindiga. Wasu na bin tarihin kaboyin Amurka, wasu na tura wa juna hotunan tsofaffin bindigogi a waya, wasu kuma sukan dawo daga Kano da tsohuwar mujalla ko littafin da suka tsinta wurin masu gwanjo. Wannan bai dame ni ba, domin yaron da ya buɗe littafi da son ransa ya kama hanya. Roƙona guda ne: duk labarin makami da za ku karanta, ku nemi jin bakin wanda aka nuna da makamin, kada ku tsaya a kan wanda ya riƙe shi.

Mu fara da kaboyin. Tun 1860 kamfanin Beadle da ke New York ya shiga buga ƙananan littattafai masu arha, daga baya wasu suka bi sahu. Masu saye galibi mazauna biranen gabas ne da ba su taɓa ganin yammacin ƙasar ba, don haka marubuta suka riƙa ƙara gishiri yadda ciniki zai yi kyau. A cikin irin waɗannan littattafai jarumi yakan tsaya a tsakiyar titi, ya fuskanci abokin gaba ido da ido, ya riga shi zaro bindiga. To ga yadda mutanen gaske suka ƙare. Wild Bill Hickok yana zaune yana karta a garin Deadwood a 1876 aka harbe shi ta baya. Billy the Kid bai wuce shekara 21 ba lokacin da Pat Garrett ya kashe shi cikin duhun dare a 1881. Jesse James kuwa a cikin gidansa ya mutu a 1882, yaronsa Robert Ford ne ya harbe shi don kwaɗayin tukuici. Arangamar garin Tombstone ta 1881, wadda aka yi wa littattafai da finafinai barkatai, ba ta kai minti guda ba, mutum 3 suka rasu. Cikin dalilan rigimar har da dokar garin da ta hana yawo da bindiga. Kun ga ke nan su kansu mutanen wurin zaman lafiya suke nema. Idan mujalla irin True West, da ake bugawa tun 1953, ta shigo hannunku, ku fi mai da hankali ga marubucin da ya nuna inda ya samo maganarsa.

Mu dawo gida, domin tarihinmu ya fi wancan kusa da ku. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin wanda ya fara kafa masu tsaron sarki da bindiga. Amma har bayan jihadi, doki da mashi da takobi da baka su ne ƙashin bayan yaƙi. Dalilin yana jikin bindigar kanta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maharbi yana ɗura adaka ya gani: a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sanda, a zuba dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a sake dannawa. Kafin a gama wannan, gwanin baka ya saki kibiyoyi da dama. In aka yi yayyafi albarushi ya jiƙe, aikin ya tashi. In kuma ɗurin ya yi yawa, bututun ya fashe a hannun mai shi. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta yi nauyi a fagen fama, sarakuna kuma suka fi damƙa ta ga amintattun bayinsu.

Da bindigar ta yawaita, me ta haifar? Ku karanta labarin Yaƙin Basasar Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, abokin hamayyarsa Yusufu da magoya bayansa suka fice zuwa Takai. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Jikokin Sarki Dabo ne suka yaƙi juna, talakawa suka ɗauki asarar garuruwa da gonaki da 'ya'ya. Bayan shekaru kaɗan, ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa. A Kwatarkwashi Waziri Ahmadu da barade masu yawa suka faɗi gaban wutar da jarumta kaɗai ba ta tare ta. Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari da Hausa, Adamu Fika ya yi littafi a kan Basasa da mulkin Turawa a 1978, Joseph Smaldone kuma ya yi nasa a kan dabarun yaƙi a Daular Usmaniyya a 1977. Wanda ya je birni ya leƙa Gidan Makama ya ga kayan yaƙin da idonsa.

Yanzu ga littattafai biyu da nake so ku ajiye kusa da juna. Na farko Ganɗoki ne na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934. Labari ne mai daɗi, cike da kirari da zafin nama, ya kuma faro daga yaƙe-yaƙen Kontagora na zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da zuwan Turawa. Na biyu labarin Baba ne, mutuniyar Karo. Wannan baiwar Allah tamu ce, domin ta tashi ne a yankin Zarewa, nan ƙasar Rogo. Da ta tsufa ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta da Hausa a Giwa, aka buga shi a 1954. Baba ta ba da labarin maharan Sarkin Sudan ɗin nan dai, amma daga cikin gida. Ta faɗi yadda jin ƙishin-ƙishin yaƙi ke sa mutanen ƙauye su kwashi yara su ruga cikin ganuwa, yadda aka kama mata da yara daga danginta, da yadda maza suka bi sawu suna tara wuri don fansa. Zamani ɗaya ne, shugaba ɗaya ne. A wancan littafi za ka ji ƙarar tambari, a wannan za ka ji kukan uwa. Wanda ya karanta Ganɗoki bai karanta Baba ba, rabin labarin ya sani.

Ba na buƙatar tuna muku halin da 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina da Kaduna suke ciki, ga shi muna kan iyaka da biyu daga cikinsu. Kun ga waɗanda suka baro gonakinsu, kun ji yadda ake sayar da shanu da hatsi don biyan kuɗin fansa. Abin da Baba ta gani tana yarinya shi ne ya dawo da makamin da ya fi na da muni. Saboda haka idan bidiyon wani mai rataye da bindiga yana fankama ya shigo wayarka, ɗana, tambayi kanka gidan wa ya zama kango kafin ya samu abin taƙamar, sannan kada ka tura shi gaba.

Ga abin da nake ba ku shawara. Kowane littafi kuka ɗauka, ku duba wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. Ku zauna da kakanninku, musamman mata, ku tambaye su abin da suka ji daga iyayensu game da hari da ganuwa da gudun hijira, ku rubuta da Hausa tun suna raye. Ku tambayi maharba da maƙera tarihin sana'arsu cikin ladabi. Ku sha kallon 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah, al'adarmu ce mai kyau. Amma sanin tarihin makami daban, riƙe shi daban. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba lasisi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana musulmi nuna ɗan'uwansa da makami, malamai kuma sun ce hanin ya haɗa har da wasa.

Ƙasar Ƙaraye da Rogo tana da tarihin da ya isa cika littattafai, kuma ku ne za ku rubuta shi. Ku yi karatu da natsuwa, ku girmama jaruman da suka tsare garuruwansu, ku tausaya wa waɗanda yaƙi ya ci. Allah ya raya ku, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.