Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Darasi A Kan Manhajojin Kyauta

A yau da wuya mu shiga gida a Liba ba mu tarar da wayar salula ba. Muna sauke manhajoji iri-iri, na wasa da na tocila da na addu'a, ba mu biya ko kwabo ba. To, da me masu su ke cin abinci?

Yadda abin yake

Idan muka sauke manhaja, takan nemi izinin sanin inda muke, mu kuwa sai mu amsa ba tare da karantawa ba. Daga nan tana iya rubuta sawunmu: daga gida zuwa makaranta, zuwa kasuwar Jega, zuwa sarin albasa a Aliero. Waɗansu kamfanoni sukan sayar wa dillalai wannan bayani, dillalai kuma su sayar wa masu talla ko hukumomi. Sukan ce ba sunan kowa a ciki. Amma wayar da take kwana a gida ɗaya kullum, take zuwa majami'a ɗaya kowace Lahadi, ai ta riga ta faɗi mai ita.

Misali

A watan Nuwamba na 2020 'yan jarida a Amurka suka bayyana cewa manhajar Muslim Pro, wadda maƙwabtanmu da yawa ke duba lokutan salla da ita, tana miƙa bayanan wuri ga kamfanin X-Mode. Cikin masu saye daga X-Mode har da 'yan kwangilar sojojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. A Janairun 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana X-Mode sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane asibiti ko wuraren ibada. Kada mu ce wannan matsalar wani ce, domin manhajar da muke karanta Littafi Mai Tsarki da ita ma tana iya neman irin wannan izini.

Abin da za mu yi

A 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mu ikon janye izinin da muka bayar. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Mu duba saitin wayoyinmu, mu rufe izinin wuri ga duk manhajar da ba ta bukatarsa. Wadda muka daina amfani da ita, mu goge ta. Mu kuma taimaki iyayenmu da ba su iya karatun Turanci ba.

Tambayoyi

1. Me tocila za ta yi da sanin inda muke?
2. Manhajoji nawa ne a wayar gidanku suke da wannan izini?
3. Wane haɗari ne ke tattare da baƙo ya san ranar da mai gida ke dawowa daga kasuwa da kuɗi?