Zuwa ga Matasan Kumbotso: Ku Riƙe Gonar Gado

'Ya'yana,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne samarin da nake gani da sassafe a ƙofar masana'antun Challawa da Sharada, tsaye cirko-cirko suna jiran a ɗebi leburori. A shigar da kaɗan, sauran su koma gida hannu rabbana. Da yawansu jikokin manoma ne, waɗanda suka noma dawa da gyaɗa a wannan ƙasa tamu.

Ku tambayi tsofaffinku yadda manomi ya sha wuya zamanin En'e. Lokacin haraji ya zo, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai an biya. Mutum ya kwance akuyarsa ɗaya tilo ya kai kasuwa, ko ya fasa rumbu, don kada a wulaƙanta shi gaban iyalinsa. Wannan zalunci ne ya sa aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya tsaya da talakawa. An doki magoya bayansa, an ɗaure su, har mata irin su Hajiya Gambo Sawaba. Sai a 1979, da jam'iyyar PRP ta ci Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, bai tara dukiya ba. Allah Ya jiƙansa.

Amma fa an cire wa manomi haraji ne, ba a tsare masa gona ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan hukuma ta karɓi fili, diyyar shuka da gini ake biya. Ga dillalai kuma suna zagaya magada, a yanka gona awon igiya, kowa ya karɓi kasonsa. Wani ya sayi A Daidaita Sahu, kafin shekara ta zagayo babu gona, babu kuɗi. Wannan yana ci mini rai.

Ga yadda wasu suka tsare wa manomi gona: a jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya an yi wani ɗan gurguzu, Hare Krishna Konar, wanda Turawa suka ɗaure a tsibirin Andaman tun yana saurayi. Da ya zama ministan filaye a 1967, ya bi manyan masu ƙasa da suka ɓoye gonaki da sunayen bogi, aka karɓe aka raba wa marasa gona. Bayan rasuwarsa, daga 1978, jami'ai suka riƙa shiga ƙauyuka suna rubuta sunayen masu noma gonar wani a raba amfani, sama da mutum miliyan ɗaya, don kada a kore su. Aƙidarsa daban da tamu, amma dabarar rubuta sunan talaka a littafin hukuma abin koyi ce.

Saboda haka, idan an raba muku gado, ku zauna da 'yan'uwanku kafin dillali ya zauna da ku. Ku yi takarda gaban mai unguwa da dagaci, sannan ku nemi shaidar mallaka daga hukumar ƙasa ta jiha. Wanda matsi ya kama, 'yan'uwa su saye kasonsa ko ya ba da haya. Masu noman rani a bakin kogin Challawa kuma, ku haɗa ƙungiya, ku kai kukan gurɓataccen ruwan da ke shiga gonakinku da murya ɗaya.

Don Allah, wanda ya karanta wannan wasiƙa ya karanta wa ɗan'uwansa da bai yi boko ba.

Wassalam.